Geron Inna a Gadar Igiya

Yau kwana huɗu ke nan ina shanya gero a barandar 'yata, kuma kwana huɗun nan ruwa ke koro ni ciki da shi. Garin nan Greensboro a watan Agusta ba shi da alƙawari. Da safe rana za ta fito fes, ka ce yau kam an dace, kafin la'asar sama ta haɗe, a yi ta tsawa, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. In ya ɗauke ma ba sanyi ake samu ba, sai wani gumi mai danƙo da ke manne wa mutum riga a gadon baya. Daga hawa na biyu nake kallon motocin titin Wendover suna watsa ruwa, ni kuma da faranti a kowane hannu ina tura ƙofar gilas da ƙafa.

Jego ne ya kawo ni ƙasar nan. 'Yar-kurmi ce ta haihu, 'yata ta fari, wadda har yau bakina bai iya kama sunanta na yanka ba. Na wanke geron da mijinta ya samo a shagon 'yan Afirka, ina son ya bushe a niƙa in dama mata kunun kanwa. Jiya ta fito daga ɗaki da jaririya a kafaɗa, ta tarar da ni a tsaye ina hararar sama.

"Mama, don Allah ki sa shi a oven mana. Ten minutes ya bushe. Kullum kina ta faɗa da weather."

"Geron kunu a oven? Gasa shi zan yi?"

"Low heat, Mama. Ba zai ƙone ba."

Na buɗe baki zan ce mata a rana ake shanya gero tun kafin a haifi uwar uwarta, sai na fasa. Na taɓa faɗin irinta, da wannan muryar, ga wata tsohuwa a ƙauyen da aka haifi ita wannan mai ba ni shawara. Shekara talatin da 'yan kai ke nan, amma warin laima da ya taso daga farantin ya mayar da ni can.

Shekarar da ta biyo bayan babban fari ce. A garinmu, can ƙasar Gumel, yawancin rumbuna sun koma wurin wasan ɓeraye, tuwon dare ma sai gidan da Allah ya rufa wa asiri. Mijina Malam Sale tela ne. Ya daɗe da bin 'yan goro ya kafa kekensa a kurmi, wajen iyakar Kamaru, yana zuwa gida da rani. Da bazara ta kama zai koma, ya ce da ni zai tafi, tunda can ko ba komai ba a kwana da yunwa. Cikina wata huɗu a lokacin. Aka shirya cewa in ya kai bakwai zai dawo da ni in haihu a gaban Inna, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari.

Da safen da za mu tafi Inna ta kira ni ɗakinta, ta jawo wani ƙaramin buhu daga bayan gado.

"Gero ne, tiya takwas. Ga kanwa da kayan yaji na ƙulle miki daban. In Allah ya sa kin dawo kin haihu a nan, ki dawo da abinki. In hanya ta hana, kada ki yi mini jego babu kunu, ruwan nono daga nan yake zuwa. Ki kula da shi, kada ki taɓa sai ranar."

Na ce to. Na ɗora shi a ka, kuma har muka isa ban yarda ya yi nisa da ƙafata ba, a jirgin ƙasa, a bayan babbar mota, da kuma yini guda da muka yi a ƙafa.

Sunan ƙauyen na gaskiya harshenmu bai iya shi ba, don haka 'yan goro suka sa masa Gadar Igiya, saboda gadar jijiyoyin itace da ake bi a tsallaka kogi kafin a shiga. Gidaje ba su kai ashirin da biyar ba. Ƙauye mafi kusa sai ka yi rabin yini kana tafiya ba ka haɗu da kowa ba in ba birai ba. Ni na tashi inda ake hango baƙo tun yana nesa har a shimfiɗa masa tabarma kafin ya iso, sai ga ni a wurin da itatuwa suka kewaye mu ta ko'ina, sama ta rage ba ta fi filin idin garinmu ba. Rana ba ta leƙo tsakar gida sai hantsi ya yi nisa, kafin la'asar ta ɓace bayan ganye. Lokacin salla ma da agogon Malam Sale muke gane shi. Hausawa mu huɗu ne a garin, kuma ni kaɗai ce mace.

Mai gidan da muka kama ɗaki wata tsohuwa ce, Mama Ojong, gajeruwa mai ƙarfin hannu, kullum da lofe a bakinta. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun tafi birni. Hausarta a bakin 'yan goro ta tsinta, saboda haka duk ta umarni ce. Ranar da muka iso ta lalubi buhuna, ta ɗebo geron ta murza a tafin hannu, ta ja ni zuwa madafarta. A saman murhu akwai wani gado na gora da aka rataye, kuma duk abin da gidan ya mallaka yana kansa: masara da ɓawonta, kifi, barkono, gishiri, har ashana. Komai ya yi baƙi ƙirin, kunkunniya na reto daga rufi.

"Sa sama," in ji ta. "Hayaƙi. Sa sama."

Na dubi masarar nan da ta koma kamar gawayi, na dubi geron Inna, na yi murmushin da yarinya ke yi wa tsohuwar da take ganin ba ta san komai ba. A raina na ce mutanen da ba su taɓa ganin zangarniya ba ne za su koya mini ajiyar gero? Na kai buhuna ɗaki, na jera duwatsu uku na ɗora shi.

Ruwan kurmi ba irin namu ba ne. Namu yana zuwa da hadari da iska, a yi murna, ya zuba ya tafi, ƙasa ta yi ƙamshi. Nasu ba ya zuwa, a nan yake zaune. Wani lokaci kwana uku yana yayyafi bai fasa ba, rufin tukurwa na ɗiga a wuri biyar, muna bin ɗigon da kwanuka. Gishirina ya narke ya zama ruwa a cikin gwangwani. Ashana sai ka ƙyasta goma kafin ɗaya ta kama. Takalmin fatar Malam Sale ya yi fumfuna kore a kwana biyu, allurar kekensa tana tsatsa, zanen da na wanke ran Asabar har Laraba yana wari a kan igiya. Itacen girki jiƙaƙƙe ne, sai ka hura har idonka ya yi ja. Abinci kuwa akwai shi, ban ce babu ba, amma rogo ne da gwaza da agada, safe da rana da dare, cikin manja. Cikina ya ƙi su. Sai in ƙoshi in tashi ina jin yunwa, ina mafarkin fura, ga gero a kusurwar ɗaki ina kallo ba halin taɓawa.

Bayan mako biyu na sa hannu a buhun na ji shi da sanyi, ƙwayar ta yi laushi. Hankalina ya tashi. Abin da na sani ɗaya ne, abin da ya yi laima a shanya shi, don haka na shiga shanya.

Ban taɓa yin wahalar banza irin ta watannin nan ba. Da na ga haske ya faɗo tsakar gida sai in ja tabarma, in zazzage buhu, in baje da hannu, in zauna da sanda ina korar kaji. Kafin in gama bajewa inuwa ta rufe. In ɗaga kai in ga ɗan gajimare, in ce wannan wucewa zai yi, sai in ji ɗigo a goshi. In tattara da gudu, da cikina a gaba, in kai ɗaki, in fito in tarar rana ta dawo tana haska ganye kamar ba ita ba. Akwai ranar da na shimfiɗa na kwashe sau bakwai. Ƙasar da nake shimfiɗa tabarmar a kai ita kanta jiƙe take, tana tururi, amma ban yi wannan tunanin ba. Matan garin in za su wuce gona da kwanduna a baya sukan tsaya su kalle ni, su yi magana da yarensu su yi dariya. Mama Ojong tana bakin madafa tana busa lofe, in mun haɗa ido ta nuna sama da haɓa, ni kuma in kau da kai.

Malam Sale mutum ne mai sanyin magana. Wata rana ya tsayar da keke ya ce, "Da kin bi shawarar tsohuwar nan. Sun fi mu sanin ƙasarsu."

"Kunun jego da warin banda? Kifi ne? Kai ka daɗe a nan har hancinka ya mutu."

Ya ci gaba da ɗinkinsa. Da ya sa mini ƙarfi a ranar wataƙila da na ji, kuma na daɗe ina jin haushinsa a kan wannan, ko da yake na san ba shi da laifi.

Cikina yana wata shida zazzaɓi ya kayar da ni. Kwana biyar ban san inda kaina yake ba. Mama Ojong ce ke dafa mini wasu saiwoyi masu ɗaci tana ɗura mini, tana shafa mini ruwa a wuya. Ranar da na iya miƙewa, abin da na fara dubawa kusurwar ɗaki ne, na ga duwatsu uku babu buhu. Na fita ina dafa bango, na tarar da shi a saman murhunta, an juye shi a wani kwando mai faɗi, hayaƙi na ratsa shi. Saman geron har ya fara canja launi.

Abin da na yi ina jin kunyarsa har yau. Na taka turmi na sauko da kwandon, na yi ta zazzaga mata masifa da Hausar da ba ta ji. Na ce wa ya aike ta, na ce a rana ake shanya gero tun kafin a haifi uwar uwarta, na ce geron uwata ba zai kwana cikin ƙazantar nan ba. Kalmomin ba ta gane ba, amma murya ba ta bukatar tafinta. Ta cire lofen daga baki, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "To." Daga ranar ba ta sake nuna mini sama ba.

Sai na tuna yadda ake yi a gida in ana son hatsi ya daɗe. Na sa Malam Sale ya samo mini babbar tukunyar ƙasa. Na jira ranar da aka yi rana ta kusan awa biyu, na shanya, na ciji ƙwaya ɗaya na ce wa kaina ta bushe. Na tankaɗe toka na gauraya, na zuba a tukunya, na kifa murfi, na kwaɓa laka na liƙe bakin ruf yadda ko iska ba za ta shiga ba. Ranar na yi barcin rana mai daɗi. Na ji na gama da ruwa, na gama da kaji, na gama da dariyar matan gari, kuma na yi abina yadda ake yinsa a wurin masu gero.

Wata na bakwai ya zo ya tarar kogi ya cika ya batse. Gadar igiyar tana nan, amma ruwa na lasar ƙasanta, kuma ko maza ba sa hawa da kaya. Hanyar mota a can ƙetare ta zama taɓo, an ce sai damina ta wuce. Na yi kuka har na gaji. Abin da kawai ke kwantar mini da hankali shi ne tukunyar nan. Inna ba za ta kama ni ba ranar haihuwa, ba za ta yi mini wanka ba, amma kununta yana nan yana jira na.

Na haihu wata ranar Talata da hantsi, ana tsuga ruwa. Mama Ojong ce ta karɓi haihuwar, ita da wata mata, ba tare da kowa ya roƙe ta ba. Washegari ta haɗa wuta ta tafasa ruwan wanka, ta yi mini da wani ganye nasu, tunda babu darbejiya. Da na ɗan sami ƙarfi na ce wa Malam Sale ya jawo tukunya ya fasa lakar.

Tun kafin murfin ya ɗagu warin ya cika ɗakin, wari mai tsami kamar na giya. Ya sa hannu ya cire da sauri, ya ce da zafi. Na rarrafo na leƙa. Babu gero a ciki. Wani dunƙule ne guda, kore da baƙi, farar saƙa ta lulluɓe shi, ta gefe kuma wasu ƙwayoyin sun yi tsiro fari siriri sun mutu a cikin duhu. Na tona da yatsu har ƙasan tukunyar ko zan sami tafi ɗaya mai kyau, ban samu ba. Laimar da ke jikinsa na rufe shi da ita, wata uku tana dafa shi, ni kuwa ina kwance kusa da shi ina alfahari.

Ban yi kuka nan take ba, haushi ne ya fara zuwa. Na rasa wanda zan ɗora wa. Na zagi ruwa, na zagi kurmi, na ce wa Malam Sale shi ya kawo ni wannan ramin. Ya ɗauki tukunyar ya fita da ita. Ko kaji da aka zuba musu sun shinshina sun bar shi.

Kwana uku nonona bai kawo ba. Jaririya tana ta tsala kuka, tana kamawa tana saki, ni ina jin maganar Inna tana yawo a kaina. A rana ta uku Mama Ojong ta shigo da ƙwarya. Masararta ce ta saman murhu, ta ɓare, ta jiƙa, ta niƙa a dutse, ta dama koko. Ta miƙa hannu ta ce, "Kanwa." Na kwance ƙullin Inna na ba ta, ta jefa da citta da barkono mai yawa. Launinsa toka-toka, warin hayaƙi kuwa tun daga bakin ƙofa.

"Sha," in ji ta.

Na sha. Ba daɗi, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ya yi daɗi ba don ta kyauta mini. Amma na shanye, ta sake kawowa da yamma, da romon kifi mai yajin da ke sa kunne ƙaiƙayi. A kwana na biyar nono ya sauko. Haka ta yi ta yi har na yi arba'in, masarar tsohuwa tana raguwa a saman murhu ina gani. Na so in ba ta haƙuri, amma Hausarta ba ta kai nan ba, ni kuma yarenta ban koyi ko gaisuwa ba, saboda duk zamana a can hankalina yana kan tabarma da tukunya. Zanena mafi kyau na ba ta. Ta karɓa ta jefa shi saman murhu tare da sauran kayanta.

Sai da kogi ya janye hanya ta bushe sannan muka tafi gida, yarinya tana wata huɗu. Na tarar Inna ta rame, Baba ma haka, ga shi an yi girbi amma rumbun gidanmu ko rabi bai kai ba, alhali maƙwabta sun ce damina ta yi kyau. Bayan an gama ganin jaririya, an yi ta tsokanar ta da 'Yar-kurmi har sunan ya bi ta, mutane suka watse. Muka rage ni da Inna a tsakar gida tana tsince wake. Tun a jirgi nake shirya yadda zan gaya mata.

"Geron ya ishe ki?" ta tambaya, idonta a kan faifai.

Na dubi ƙashin wuyanta da ya fito, sai duk abin da na shirya ya gudu.

"Ya isa, Inna. Har arba'in ina sha. Har da saura."

Ta ajiye faifan ta ɗago kai. Rabon da in ga fuskarta ta yi haske haka tun kafin fari.

"Da saura? Alhamdulillahi. Kamar nawa?"

"Ɗan kaɗan ne."

"Ko tafi biyu ne ya isa. Ai irin shukarmu ne na sussuke miki, dammunan da Babanki ya rataye a ɗaki. Irin kakansa ne, duk garin nan mu kaɗai muka rage da shi bayan fari. Bai sani ba sai da ruwa ya sauka ya je ɗaukowa. Gida-gida ya bi yana tsintar iri, ga abin da ya ba mu nan kin gani. Wata biyu bai yi mini magana ba." Ta yi 'yar dariya ta goge ido da bakin zane. "Na ce masa jinin 'yata ya fi. Amma tunda akwai saura, in Malam Sale ya koma ya aiko da shi kafin shuka, mu tayar da abinmu."

Yarinya tana cinyata tana wasa da ɗankunnena.

"To, Inna," na ce.

Ta miƙe ta karkaɗe zane, ta nufi zaure da sauri tana kiran Baba, ina jin ta tana ce masa ya zo ya ji, irinsa bai ɓata ba.